Darasi na 11: Idan Tsohuwar Manhajar Haɗa Bidiyo Ta Ce Lasisi Ya Ƙare

Manufar darasi

Idan an kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda manhaja take tabbatar da lasisi ta hanyar asusun mai ita;
2. bambanta ƙarewar kuɗi da ƙarewar shaida da kuma tsufan samfuri;
3. bin matakan bincike bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya;
4. tsare aikin mutane yadda rufewar manhaja ba za ta riƙe shi ba.

Gabatarwa

Sana'ar ɗaukar bidiyo ta zauna da gindinta a yankinmu. A Jega, inda hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri suka haɗu, ba a rasa biki ko suna ko taron siyasa. A Aliero ga ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006, ga dillalan albasa masu son a yi musu ɗan gajeren talla su tura a WhatsApp. A Maiyama da ƙauyukanta akwai walimar sauka da tafsirin azumi da ake so a naɗa a adana. Duk wanda ya kawo aiki yanzu ba ya son hoto tsurarsa. Yana son sunan ango da amarya ya fito yana juyi, a cire koren ƙyallen da ke bayansa a sa masa wani wuri, a gyara haske da launi. Wannan siddabarun hoto da manhajoji irin su After Effects da Nuke da Cinema 4D da Fusion ake yin sa.

Mafi yawan masu wannan sana'a a wurinmu da kwamfutar gwanjo suke aiki, sabon samfurin manhaja kuwa yakan yi mata nauyi. Shi ya sa mutum yake riƙe tsohon samfurin da hannunsa ya saba da shi. Rana ɗaya sai ya buɗe ya tarar da saƙo da Turanci: "License expired", ko "Please sign in", ko kuma "Unable to verify your subscription". Nan da nan wani zai ce a yi wa kwamfutar fomatin, wani ya ce a nemo kirak, wato fasasshiyar manhajar sata. Duka biyun ɓarna ce. Sau da yawa lasisin yana nan da ransa, manhajar ce kawai ta kasa tabbatar da hakan, kuma ba ta da wani saƙon da za ta nuna sai wannan. Aikin mai gyara shi ne ya gano abin da ya hana ta tabbatarwa.

Yadda aka zo ga wannan tsari

Da can mutum yakan sayi manhaja a faifai, a ba shi doguwar lamba ya rubuta sau ɗaya, shi ke nan ta zama tasa. Kamfanin Adobe na Amurka ya fitar da irin wannan na ƙarshe a 2012, wato Creative Suite 6. A watan Mayu na 2013 ya sanar cewa sabbin manhajojinsa sai da biyan kuɗin wata ko na shekara, a ƙarƙashin Creative Cloud. Autodesk mai Maya da 3ds Max ya daina sayar da lasisin dindindin a 2016. Maxon na Jamus ya shigo da tsarin shiga da asusu a Cinema 4D R21 a 2019, Foundry na Landan kuma ya fito da Nuke Indie a 2020 a kan irin wannan tsari. Ke nan yau ba manhaja ake saya ba, izinin amfani da ita ake haya, izinin kuma yana rataye ne a kan adireshin imel da kalmar sirri.

Abin da ke faruwa a ɓoye

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa kafin manhaja ta buɗe.

Na farko asusu, wato sunanka a littafin kamfani, inda aka rubuta abin da ka biya da ranar da zai ƙare. Na biyu saba, babbar kwamfutar kamfani da ke riƙe da wannan littafi a wata ƙasa. Na uku shaidar wucin gadi, wani ɗan ƙaramin fayil da sabar take aiko wa kwamfutarka idan ka shiga, ɗauke da ranar da ya fara aiki da ranar da zai mutu. Na huɗu agogon kwamfutarka, wanda da shi manhajar take auna ko shaidar tana da sauran kwana.

Ku tuna ɗan kabu-kabu da tikitinsa na tasha. Yana da rajista da ƙungiya, ba a bin sa ko kwabo, amma idan tikitin da ke aljihunsa na jiya ne, mai dubawa zai tsayar da shi. Rajistarsa ba ta mutu ba, tikiti ne bai sabunta ba. Haka shaidar take: manhaja ba ta zuwa duba littafin kamfani kullum, shaidar da ke hannunta take dubawa, sai shaidar ta kusa mutuwa manhajar ta je ta karɓo sabuwa ba tare da ka sani ba.

Kowane kamfani da nasa wa'adin. A tsarin Adobe, manhaja tana neman tabbatarwa duk bayan kwana 30. Mai biyan wata-wata zai iya aiki ba intanet na kwana 30, mai biyan shekara kuwa har kwana 99. Autodesk yana so a haɗa da intanet aƙalla sau ɗaya cikin kwana 30. Wannan lissafi ba abin wasa ba ne a ƙasarmu. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara, maƙwabciyarmu, saboda matsalar tsaro, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato da Katsina, aka yi makonni a haka. A ranar 14 ga Maris, 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta yi rauni a Najeriya da ƙasashe da dama. Wanda shaidarsa ta zo ƙarshe a irin wannan lokaci, manhajarsa za ta rufe ko da ya biya kuɗin shekara cur.

Ƙarewa iri uku

Saƙon da ke fitowa kusan iri ɗaya ne, amma abin da ke bayansa ya kasu uku.

Akwai ƙarewar kuɗi: wa'adin da aka biya ya cika, ko banki ya ƙi sakin kuɗin sabuntawa. Akwai ƙarewar shaida: kuɗi na nan, amma shaidar ta mutu ko ta lalace, kuma an kasa karɓo wata. Akwai kuma tsufan samfuri: kuɗi na nan, intanet na nan, amma tsohuwar manhajar da sabar kamfani sun daina fahimtar juna, ko kamfani ya janye izinin wannan samfuri gaba ɗaya. Na farko aljihu ne maganinsa, na biyu gyara ne na 'yan mintoci, na uku ne yake bukatar tunani da shawara.

Matakan bincike

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton saƙon da wayarka, har da lambar da ke jikinsa idan akwai. Sannan ka kwafe fayilolin aikin da ke hannu zuwa filas ko wani rumbun ajiya na waje. Daga nan ka bi waɗannan matakai, kada ka tsallake ko ɗaya.

*Mataki na 1: agogo da kwanan wata.* Dubi kusurwar dama ta ƙasan allo. Shekara nawa kwamfutar take nunawa? A cikin yawancin kwamfutoci akwai ɗan ƙaramin batir da ke riƙe agogo idan an kashe ta. A ta tebur yawanci shi ne CR2032, mai ƙarfin volt 3, faɗinsa bai wuce na maɓallin riga babba ba. Kwamfutar gwanjo takan iso da wannan batir ya riga ya gaji, sai ya zama duk lokacin da aka ɗauke wuta ko janareto ya mutu, agogo ya koma shekarun baya. Idan kwamfuta ta ɗauka ana 2012, shaidar da aka rubuta a bana a wurinta ba ta ma fara aiki ba, kuma takardar amincin da sabar take nunawa don a yarda da ita ma ba za ta karɓu ba, domin ita ma tana da ranar farawa da ta ƙarewa.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa, wato shiyyar lokaci. Kwamfutar da ta fito daga Amurka takan zo da shiyyar can. Mai ita ya ga agogo ba daidai ba, sai ya gyara awa da hannu ya bar shiyyar yadda take. A ido agogo ya yi daidai da na masallaci, amma a lissafin da saba take yi an sami tazarar awoyi. Shiyyarmu a Windows ita ce "West Central Africa", awa ɗaya gaba da agogon GMT. A zaɓe ta tukuna, sannan a kunna saitin da ke ɗauko lokaci daga intanet. A kuma lura cewa Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, don haka 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, ba 3 ga Afrilu ba. Idan agogo ya sake komawa baya bayan an kashe an kunna, a canza batirin, in ba haka ba gyaran na yini ɗaya ne.

*Mataki na 2: asusu.* Bar kwamfutar, ɗauki waya, buɗe shafin kamfanin a burauza ka shiga da imel da kalmar sirri. A can ne gaskiya take. Idan shafin ya nuna izini yana aiki, to matsalar a kwamfutarka take. Idan ya nuna an kasa cire kuɗi, sai a koma ga banki. A 2022 bankunan Najeriya da yawa sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya wasu suka dakatar gaba ɗaya, sai a watan Yuli na 2025 wasu suka fara dawo da shi. Katin da ya yi aiki bara ba lallai ya yi bana ba, kuma shi kansa katin yana da watan mutuwa a rubuce a jikinsa.

A nan ne kuma ake gano wasu abubuwa uku. Mutum yakan yi asusu biyu ya manta, ya biya da wannan imel ya shiga da wancan. Lasisin ɗalibai shekara-shekara ake sabunta shi da shaidar makaranta, don haka wanda ya kammala karatu a Aliero ya buɗe shago, izininsa zai tsaya, kuma tun asali irin na Autodesk na karatu ne, ba na kasuwanci ba. Sai kuma adadin kwamfutoci: Adobe ya yarda a shiga a kwamfuta biyu, amma a yi aiki a ɗaya a lokaci guda. Idan tsohuwar kwamfutar da ka sayar tana riƙe da gurbi, daga wannan shafi ake cire ta.

*Mataki na 3: hanyar sadarwa.* Ganin saƙon WhatsApp yana shigowa ba shi ne shaidar intanet na aiki ba. Akwai data mai araha da ba ta buɗe komai sai WhatsApp da Facebook da makamantansu, da ita manhaja ba za ta isa sabar kamfani ba. Gwada buɗe shafin kamfanin a kan kwamfutar kanta. Idan ya ƙi, haɗa ta da wayar wani mai layin wani kamfani daban. Kashe VPN idan akwai, ka kuma duba ko manhajar kariya daga bairos ta toshe hanya.

Sai fayil ɗin "hosts". Yana cikin C:\Windows\System32\drivers\etc, ana buɗe shi da Notepad. Masu fasa manhaja sukan rubuta sunayen sabobin kamfani a cikinsa, su sa 127.0.0.1 ko 0.0.0.0 a gabansu, don kada manhajar sata ta kai rahoto gida. Waɗannan layuka ba sa gogewa ko an cire manhajar. Wanda ya sayi kwamfuta a hannun wani, ya biya lasisinsa na halal, sai ya tarar ƙofa a toshe tun kafin zuwansa. Duk layin da ka ga sunan kamfanin manhajarka a ciki, goge shi ka adana fayil ɗin da izinin mai kula da kwamfuta. Ka ajiye kwafin asalinsa kafin ka taɓa.

*Mataki na 4: sabunta shaida.* Idan agogo daidai ne, asusu lafiya, hanya a buɗe, to fita daga asusun a cikin manhajar, kashe kwamfuta ka kunna, ka sake shiga. Wannan yana jefar da tsohuwar shaida a karɓo sabuwa. Idan ta ƙi, a Windows akwai wurin da ake kira "Credential Manager" inda ake ajiye irin waɗannan shaidu. A cire waɗanda ke ɗauke da sunan kamfanin kawai, a sake shiga. Ga gargaɗi mai muhimmanci: kada ka fita daga asusu alhali ba ka da sabis mai ƙarfi. Wata ƙila shaidar da ke hannunka tana da sauran kwanaki, idan ka jefar da ita ka kasa karɓo wata, ka rufe wa kanka ƙofa da hannunka. Shi ya sa wannan mataki yake zuwa bayan na uku.

*Mataki na 5: ƙaramar manhajar lasisi.* Kamfanoni da yawa sun raba aikin biyu. Akwai babbar manhajar da kake aiki da ita, akwai kuma wata ƙarama mai kula da shiga da izini, kamar Creative Cloud Desktop da Maxon App da Foundry Licensing Utility. Sau tari ita ce ta tsufa. Ana iya sabunta ta a bar babbar yadda take. Haka kuma kowane samfuri yana da ƙananan gyare-gyare da ake fitarwa bayansa, waɗanda lambar ƙarshe kawai suke canzawa. Ɗora na ƙarshe a jerin samfurin da kake kai ba ya ƙara wa kwamfuta nauyi sosai, kuma a ciki ne kamfani yakan sa gyaran matsalar lasisi.

*Mataki na 6: tsufan Windows.* Manhaja da saba suna magana ne ta wata ɓoyayyiyar hanya mai suna TLS. Ta farko ta fito a 1999, TLS 1.2 a 2008, TLS 1.3 a 2018. A watan Maris na 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin intanet ta ayyana 1.0 da 1.1 a matsayin waɗanda aka daina aiki da su, kuma sabobi da yawa ba sa amsa su. Windows 7 tana iya TLS 1.2, amma wasu manhajoji ba sa samun ta sai an ɗora gyara mai lamba KB3140245 an kuma saita shi. Microsoft ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoba, 2025. A ranar 30 ga Satumba, 2021 wata babbar takardar aminci mai suna DST Root CA X3 ta ƙare, na'urorin da suka daɗe ba a sabunta su ba suka kasa buɗe shafuka masu yawa. Alamar wannan rukuni ita ce tagar shiga ta buɗe fari fat ba rubutu, ko ta yi ta juyi ba ta ƙarasa ba, alhali wayarka tana shiga asusun lafiya lau. Wasu tsofaffin tagogin an gina su ne a kan Internet Explorer, wadda aka yi wa ritaya a ranar 15 ga Yuni, 2022.

Idan kamfani ne ya rufe ƙofa

Wani lokaci duk matakai shida za su fito lafiya, manhaja ta ƙi. Adobe ya kashe sabobin da ke kunna Creative Suite 2 da 3 da 4, don haka ko kana da faifai da lamba na asali, ba za a iya kunna su a sabuwar kwamfuta ta hanyar da aka saba ba. A watan Mayu na 2019 ya aika wa masu biyan kuɗi wasiƙa cewa ba su da izinin ci gaba da amfani da wasu tsofaffin samfura, ya kuma taƙaita abin da za a iya saukewa zuwa manyan samfura biyu na baya-bayan nan. HitFilm, wadda matasa da yawa suka koyi siddabarun hoto da ita saboda tana da samfurin kyauta, an dakatar da ita a watan Janairu na 2025. Akwai kuma samfurin da ya fito tun kafin a ƙirƙiro tsarin shiga da asusu; wannan bai san asusu ba sam, fayil ɗin lasisi irin na da yake nema, kuma kamfani ne kaɗai zai faɗa maka ko yana bayarwa.

A wannan gaɓa sai a rubuta wa sashen taimako na kamfanin. A aika hoton saƙon, cikakkiyar lambar samfuri, nau'in Windows, lambar rasit, da jerin abin da aka riga aka gwada. Ba a aika kalmar sirri ga kowa, ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarta. Idan amsa ta zo cewa an daina tallafa wa samfurin, zaɓi biyu ya rage: a ƙara wa kwamfuta ƙarfi a hau sabon samfuri, ko a koma manhajar da ba ta neman asusu. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya yana da samfurin kyauta, kuma tun samfuri na 15 a 2018 aka haɗa Fusion a cikinsa. Blender kyauta ce ga kowa tun 2002. Natron ma kyauta ce, tsarin aikinta kuma ya yi kama da na Nuke. Koyon sabuwar manhaja yana cin lokaci, don haka a fara shi a lokacin da aiki ya yi sauƙi, ba ana jibi biki ba.

Abubuwa uku da ba a yi

Kada a mayar da agogo baya don a yaudari manhaja. Tsarin lasisi da yawa yana gane an ja agogo baya, ya ƙi buɗewa ko bayan an gyara shi.

Kada a ɗora kirak. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta haɗa da manhajojin kwamfuta. Ban da doka, a cikin irin waɗannan fayiloli ake cusa ɓarayin kalmomin sirri da masu kulle fayiloli su nemi fansa, a kwamfutar da hotunan iyalan mutane suke ciki. Haka asusun da ake tallarsa da araha a kafofin sada zumunta: gurbi ne a asusun wani, ranar da ya ga dama zai cire ka, ba ka da wurin kai ƙara. Araha ba ta ado.

Kada a yi fomatin da gaggawa. Fomatin ba ya gyara mataccen batir, ba ya biyan kuɗi, kuma yana share shaidar da ta rage. Mafi muni, idan samfurinka yana cikin waɗanda aka kashe sabarsu, abin da ke kan kwamfutar shi ne na ƙarshe da za ka samu.

Misali don nazari

A ɗauka wani mai shagon bidiyo a Jega ya tafi ɗaukar walima a Maiyama, ya bar yaronsa da aikin bikin da za a karɓa gobe. Da yamma yaro ya buga waya.

"Maigida, abin nan ya rufe, wai lasisi ya ƙare. Ko in kai wa mai gyara ya yi mata fomatin?"

"Kul, kada ka fita da ita ko'ina. Dubi ƙasan allo ta dama. Wace shekara ta rubuta?"

"Ta rubuta 2013, Maigida. Ɗaya ga watan ɗaya."

"An ɗauke wuta da rana?"

"An ɗauke, janareto ma ya mutu sau ɗaya kafin in ƙara mai."

"To saurara. Kwafe aikin Alhaji a filas tukuna. Sannan ka gyara shiyya da kwanan wata, ka haɗa ta da wayarka. Ka tabbata data ce ta gaske, ba ta WhatsApp ba. Kada ka danna wurin fita daga asusu. In ta buɗe, kada ka kashe ta sai ka fitar da aikin. Gobe in Allah ya kai mu mu sayo batir."

Ku lura maigidan bai fara da tambayar kuɗi ba, domin ya san ranar da ya biya. Tambaya ɗaya ta nuna masa inda matsalar take, kuma ya tsare aikin mai biki kafin a taɓa komai.

Rigakafi

Ka ware shafi a littafin shago ka rubuta sunan kowace manhaja, lambar samfurinta, imel ɗin da aka yi rajista da shi, da ranar da kuɗi zai ƙare. Kalmar sirri a ajiye ta wani wuri daban. Imel ɗin ya zama naka, ba na yaron shago ko na mai kafe ba, lambar wayar da ke jikinsa kuma ta zama layin da kake amfani da shi, domin layin da ya daɗe a ajiye kamfani yakan mayar da shi kasuwa. Google ma tun Disamba 2023 yana da ikon goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Ka zaɓi rana ɗaya a mako ka haɗa kwamfuta da intanet ka buɗe kowace manhaja. Idan za ka tafi aiki ƙauyen da ba sabis, yi haka kafin ka tashi. Ka adana fayil ɗin da aka ɗora manhajar da shi, domin gobe ba lallai ka same shi a shafin kamfani ba.

Fayil ɗin aiki na cikin manhaja ba ya buɗuwa sai da ita, kuma wanda aka adana a sabon samfuri yawanci ba ya buɗuwa a tsoho. Saboda haka duk sashen da ka kammala, fitar da shi a sigar da kowace manhaja take karantawa: bidiyo mai inganci irin ProRes ko DNxHD, ko jerin hotuna na PNG ko EXR, tsarin yanka kuma a XML ko EDL. Ɗanyen hoton da aka ɗauko daga kyamara a ajiye shi wuri biyu. Mai biki bai san lasisi ba, ranar alkawari ya sani.

Taƙaitawa

Saƙon ƙarewar lasisi yana nufin manhaja ta kasa tabbatar da izini, dalilin kuwa ko kuɗi ne, ko shaida, ko tsufan samfuri. Ana fara tsare aiki, sannan a duba agogo, asusu, hanyar sadarwa, shaida, ƙaramar manhajar lasisi, da Windows, a wannan jeri. Idan kamfani ya janye tallafi, sai a hau sabon samfuri ko a sauya manhaja.

Tambayoyi

1. Lissafa abubuwa huɗu da suke haɗuwa kafin manhaja mai lasisin asusu ta buɗe.
2. Ta yaya agogo zai yi daidai a ido amma saba ta ƙi yarda da shi?
3. Me ya sa ake duba hanyar sadarwa kafin a fita daga asusu?
4. Wani ya sayi kwamfuta a hannun abokinsa, ya biya lasisi, waya tana shiga asusun amma kwamfuta ta ƙi, kuma agogo daidai yake. Wane fayil za ka fara dubawa, kuma me za ka nema a ciki?
5. Kawo dalilai biyu da suka sa fomatin yake da haɗari ga mai tsohon samfuri.

Aikin aji

Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya ɗauki kwamfuta ɗaya ya rubuta kwanan watanta, shiyyar lokacinta, nau'in Windows da ke kanta, da abin da ya gani a fayil ɗin "hosts", ba tare da ya canza komai ba. Ku kashe ta, ku zare wuta na minti goma, ku kunna ku sake duba agogo.

Aikin gida

Ka zana jadawalin lasisi na shagonka ko na shagon da kake koyon aiki, da ginshiƙai huɗu: sunan manhaja, lambar samfuri, ranar ƙarewar kuɗi, da ranar ƙarshe da aka haɗa ta da intanet. Kada ka rubuta kalmar sirri a ciki. A zo da shi darasi na gaba.